A Juji Aka Tsinci Ubana

Kabiru, ɗan ƙanen mahaifina, ya rubuta a littafi, ya kai aka buga da inji, cewa ubana tsintacce ne. A shafi na goma sha ɗaya, ƙarƙashin sunan kakanmu Alhaji Mamman, ya jera 'ya'ya huɗu da miƙaƙƙen layi, sai ya ja wani layi mai ɗigo-ɗigo can gefe ya rataya sunan ubana a jiki, ya rubuta: "An tsince shi a Fallomi a hanyar Makka, ba a san iyayensa ba." Ranar taron zuri'a aka raba littafin a Malumfashi, kowa da nasa. Ni ma aka miƙo mini nawa tare da lemon kwalba.

Abin da ya kai ni Injamena ke nan, garin da tsofaffi ke kira Fallomi. Tun da na dawo mutane sun hana ni walda. Mai ƙofa ya kawo a gyara, sai ya ja benci ya zauna: "Sale, yaya Chadin? Da gaske naman raƙumi suke ci?" Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na rubuta. Karatuna a aji biyu na sakandare ya tsaya, wanda ya ga kuskure ya gyara a ransa. Kabiru ne hedimasta, shi ya iya rubutu, kun kuwa ga abin da ya rubuta.

Da a kaina abin ya tsaya, da na haɗiye. Amma ɗana Nura yana neman 'yar gidan Alhaji Bala mai hatsi, an kai gaisuwa, sa rana kawai ya rage. Littafin ya shiga gidan. Wakilinsu ya zo shagona, ya daɗe yana yabon wata taga da na ƙera, sannan ya ce a dakata tukuna, suna ɗan bincike. Duk wanda ya taɓa neman aure ya san tukuna irin wannan. Nura kuwa tuwonsa ya riƙa kwana a kwano.

Na je na sami Kabiru na ce ina ya samo wannan magana. Ya cire tabarau ya lissafa mini da yatsu. Gwaggo Indo ta faɗa. Mahaifinsa ya faɗa kafin ya rasu. Tsohon limamin unguwa ya faɗa. Su ukun duk sun ji kakarmu Hajiya Dije da bakinta tana cewa, "Wannan ba nawa ba ne, a juji aka tsinto shi." Ga kuma tsage. Gidanmu bille guda ake yi, ubana kuwa zube ne a fuskarsa irin na Barebari. Na ce ai da aka raba gado an ba shi kason ɗa. Ya ce kara aka yi masa. Ya mayar da tabarau ya ce, "Tarihi ba son rai ba ne, Sale."

Abin da ya fi ci mini rai, ni ma na ji ta. Ina yaro na sha jin Kaka tana faɗin haka, kuma tana faɗi ne tana tsamo tsokar da ta fi kowace girma tana sa wa a kwanonsa. Ba ta taɓa kiran sunansa ba. In ya yi tafiya ba ta cin abincin kirki sai ya dawo. Don haka ban iya ce wa Kabiru maƙaryaci ba, ban kuma iya yarda da shi ba. Abu ɗaya na riƙe daga bakin ubana: su Kaka sun tashi Makka a ƙasa suna sababbin aure, sun zauna a Fallomi, a unguwar Marjandafak, gidan wani mahauci Ɗan'azumi. Na rufe shago na ɗauki jaka.

Daga gida zuwa Kano zuwa Maiduguri ba abin faɗi, sai ciwon gwiwa. Daga Maiduguri ne tafiya ta fara. Mota ba ta tashi sai an yi ayari, sojoji a gaba. Muka yi layi tun safe har rana ta take, direba yana ta cewa yanzun nan. Kusa da ni wata Hajiya ce mai fataucin atamfa, ta cika kujera ɗaya da rabin tawa. Da ta ji ban taɓa fita Najeriya ba ta yi salati, ta ce, "Ɗan'uwa, riƙe uku: afe, lafiya ke nan. Mafi, babu. Shukuran, na gode. Wanda ya fi ukun nan ka bar mini."

A Gamboru wani ma'aikaci ya juya takarduna ya ce me za ni yi a Chadi. Na ce neman ubana. Ya ce ɓata ya yi? Na ce a'a, ni na sa shi a kabari da hannuna. Ya dube ni sama da ƙasa, ya buga hatimi da sauri, kamar mai gudun kada haukan ya shafe shi.

Muka taka gada a ƙafa muka shiga Fotokol, ƙasar Kamaru. Ashe sai ka ratsa ƙasar wasu kafin ka kai ta Chadi. Hanyar Fotokol zuwa Kusuri kuwa, ni mai walda ne, na san ƙarar ƙarfe in zai rabu, kuma motar nan tun daga tasha take neman rabuwa. Sau biyu muka sauka muka tura. A karo na biyu takalmina ɗaya ya zauna a laka, na isa Kusuri da silifa ɗin wanka.

A gadar Kusuri na yi wautar da ta kusa kashe mini tafiya. Na ga kogi shimfiɗe, na ga garin a tsallake, na ce a nan aka haifi ubana ko aka tsince shi, bari in ɗauka Nura ya gani. Ban sauke waya ba sai na ji hannu a wuyan rigata. Jandarma ne, dogo kamar falwaya, yana zuba Faransanci. Na ce afe. Ya ƙara fusata. Na ce shukuran. Hajiya mai atamfa ce ta sauko da ƙyar, ta yi ta Larabci da shi tana nuna kaina da yatsa tana juyawa. Ban san me ta ce ba, amma na san wannan alamar. Aka goge hoton aka miƙo mini wayata. Ta ce, "Nan ba a ɗaukar gada, ba a ɗaukar soja. Ka zo neman uba, kada ka sa a zo neman ka."

Ɗan acaɓa a can kilando ake ce masa. Wanda ya ɗauke ni ya kai ni Marjandafak, gidan wani Alhaji Umaru da ke saukar da fataken shanu. Hausarsu Hausa ce, amma kamar fura ce da aka dama da nonon raƙumi, kalma uku tamu, ɗaya Larabci, in maganar ofis ce kuma Faransanci ya shigo. Alhaji Umaru ya ce kakansa ma Makka ya nufa daga Zazzau, ya tsaya hutawa a nan, har yau ana hutawa. Aka ba ni tabarma a zaure tare da wasu Fulani biyu da ba su yi mini magana ba sai ranar da zan tafi.

Tuwonsu esh suke ce masa, na gero, an kife shi da ƙwarya ya fito sumul kamar kan jariri, da miyar busasshiyar kuɓewa. Ba a ba baƙo kwanonsa daban, tire ɗaya kowa ya sa hannu, har mai gidan. Shayi kuwa ja wur a ɗan ƙaramin kofin gilashi, sukari kamar za a yi alewa, kuma ba a ƙi. Na sha bakwai a wuni ɗaya, hannuna ya riƙa rawa. Masu tambayar naman raƙumi: e, na ci, gasasshe, da barkono da lemon tsami. Ya fi naman wasu shanun da ake sayar mana a gida.

Da na faɗi abin da ya kawo ni, zaure duka ya ce sai Malam Abakar. Shi ya san asalin kowa. Yana zama bakin wata rumfar yadi a babbar kasuwa, Garan Marshe. Na same shi da rawani fari, mutane kewaye. Ya karɓe ni hannu biyu, ya sa aka kawo shayi, ya yi ta jana da hira. Daga ina? Wa ye kakan? Malami ne? Wace shekara? Me ake faɗi a gida? Ni kuma da ciwo a rai na zazzage masa komai. Da na gama ya rufe ido ya ce, "Allahu akbar. Malam Mamman na Katsina! Mahaifina ya sha ba ni labarinsa." Ya ba ni labari mai daɗi. Kakana waliyyi ne, ubana ɗansa ne na cikinsa, ranar sunan an yanka raguna har unguwa ta ƙoshi, kai har jinin sharifai ya liƙa mana.

Na fito ina jin kamar in yi rawa. Sai da na zauna cin abinci na tuna, duk abin da ya faɗa mai kama da gaskiya ni na ba shi, ya dafa ya mayar mini. Washegari na koma. Na ce, "Malam, na manta, ka tuna ɗingishin da kakan nawa ke yi?" Bai ko numfasa ba ya ce, "Ƙwarai, ƙafar dama. Raƙumi ne ya taka shi." Kakana har ya mutu ƙafafunsa garau, da su ya je Makka ya dawo. Na ajiye masa goronsa na tashi. Labarinsa ya fi na Kabiru daɗi a kunnena, amma da na kai shi gida da ni ma na zama Kabiru.

A bakin kasuwar wani mai jakar hannu da ya ji hirarmu ya biyo ni. Ya ce me zai sa in wahala? In faɗi sunan uba da na kaka, gobe zai kawo mini takardar haihuwa ta zamanin Faransa, da hatimi, har launin tsufa za a yi mata. Ya buɗe jakar ya nuna mini samfuri. Wallahi ta yi kyau. Na tsaya na daɗe ina kallonta, don na san irin su Kabiru in suka ga hatimi da Faransanci bakinsu mutuwa yake. Na ce masa mafi. A nan ne kalmar Hajiya ta yi mini rana.

Kwana huɗu ban sami komai ba. Da na rasa, sai na yi tunani irin na masu sana'a. In kana neman tsohon maƙeri, maƙera za ka tambaya. Na shiga layin mahauta na bi teburi teburi ina cewa Ɗan'azumi. Matasa suka yi ta dariya, wani ya ce, "Baba, Ɗan'azumi a nan sun kai buhu." Can ƙurya wani dattijo mai wasa wuƙa ya ce, "Wanda matarsa Babarbariya ce? Ban riske shi ba, ba zan yi maka ƙarya ba. Gidan an sayar tun bayan yaƙi. Amma 'yarsa Hajja Falmata tana nan da rai a Habbena, wurin jikanta." Da na ji matarsa Babarbariya, sai na tuna zuben fuskar ubana.

Habbena can gabas take, na shiga ƙaramar bas da hantsi. A hanya na yi wa kaina alkawari, wannan karon bakina a rufe. Ba zan ba kowa garin da zai dama mini ba.

Na same ta a inuwar darbejiya a tsakar gida, 'yar ƙaramar tsohuwa cikin lafaya, ido ya tafi amma kunne ras. Jikanta, wani magidanci mai gyaran firji, ya zauna kusa don in ta zarce da Larabci ya dawo da ita. Na gaisa na ce, "Hajja, ni jikan wani Malam Mamman ne daga ƙasar Katsina, an ce ya sauka gidanku."

Ta ce, "Mamman nawa ne suka sauka gidanmu, ɗan nan? Gidanmu tasha ne. Ban sani ba."

Na ce malami ne. Ta ce duk malamai ne. Na tambayi shekara, ta ce ita ba ta ƙirga shekara. Raina ya fara ɓaci, na ce a zuci na ƙona kuɗin mota. Sai ta ce, "Bar ni da maza, ni ba zaure nake zama ba. Wa ce matarsa?"

Na ce Dije.

Ta ce, "Dije mai ƙuna a nan?" Ta shafa bayan hannunta na dama, daga wuyan hannu zuwa gwiwa. Ƙunar da na taso ina gani a hannun Kaka. Na ce ita ce.

"Kai ɗan wa ye a cikinsu?"

Na ce ɗan babban.

Ta miƙo hannu ta lalubo fuskata, ta ce, "Ɗan Ajuji! La ilaha illallahu. Ajuji ya rayu har ya haihu?"

Ban taɓa jin an kira ubana da wannan suna ba. Na ce ya rayu, ya haifi tara, ya ga jikoki. Ta ce, "Hujin kunnensa na hagu fa, ya toshe?"

Jama'a, ubana duk rayuwarsa hularsa a karkace take, ta rufe kunnen hagu. Mun ɗauka gayu ne. Sai ranar da na yi masa wanka na ga hujin, ban kuma taɓa faɗa wa kowa ba, ko uwar 'ya'yana. Na ce, "Bai toshe ba, Hajja." Na roƙe ta izini na kunna waya na ajiye a tabarma, na ce ta ba ni labarin, amma don Allah duk inda ta zo ta gaya mini wanne ta gani, wanne aka gaya mata.

Ta yi dariya ta ce, "Alƙali aka aiko mini. To ji. Dije wabi take yi. Uku ta binne a hanya kafin su iso nan. Wannan ji na yi, a bakin mata, ban ga kabari ba. Amma cikin Ajuji na gani da idona, wata da watanni, ni nake ɗebo mata ruwa, a lokacin na isa ɗaukar tulu. A ɗakin bayan gidanmu ta haihu. Ban shiga ba, ba a barin yara. Na ji kukan, kuma ni na yi ta jido itacen wankan jego har kaina ya yi kanta.

"Kwana uku da haihuwa, da hantsi kamar yanzu, maza sun tafi mayanka, Malam ya fita karatu, mata suka naɗe yaron a tsumma suka sa a ƙwarya, aka kai shi kan jujin bayan gida aka ajiye. Aka ba ni kara aka ce in zauna nesa kaɗan, in akuya ta matso in kora, in kuma kuskura in taɓa shi a yanka ni. Ina zaune yana ta tsala kuka. Sai ga uwata ta ɓullo ta lungu da tulu, kamar mai wucewa, alhali tun ɗazu tana laɓe. Ta ce, 'Kai! Wa ya yar da ɗa?' Mata daga cikin gida suka ce, 'Ba mu san shi ba.' Ta ce, 'To na tsinta, nawa ne.' Dije tana ɗaki ta cusa zane a baki kada a ji kukanta. Wannan na gani, don da na shigo zanen yana bakinta."

Na ce tsagen fa?

"Uwata ta kira wanzamin danginta ya yi masa namu, aka huda kunne. Wai in mutuwa ta zo neman ɗan Dije ta ga ɗan Barebari, ta wuce. Da Malam ya dawo ya ga fuskar ɗansa, ranar mun ga tashin hankali. Ya ce canfi ne, shirka ce, kwana uku bai ci abincin gidan ba. Ya ce duk wanda ya sake cewa Ajuji bai yafe ba. Mu dai a ɓoye muke kira. Ita kuwa Dije tsofaffi suka ja mata kunne: kada bakinki ya taɓa cewa naki ne. Ko wa ya tambaya, ki ce tsintarsa aka yi."

Na ce, "Hajja, har ta mutu haka take faɗi."

"Har ta mutu?"

"Har ta mutu. Yana da furfura tana faɗi."

Tsohuwar ta ja lafaya ta rufe fuska. Da ta buɗe ta ce, "To ta riƙe. Allah ya jiƙan Dije, ta riƙe."

Na tambaye ta ko akwai rubutu. Ta ce Malam ya bar wa ubanta wata takarda da zai wuce gabas, amma ta ɓata lokacin da suka tsallaka kogi gudun yaƙi. "Kuma ko tana nan ba zan ce maka ga abin da ke ciki ba, ban iya karatu ba." Na tambayi sunayen ukun da suka mutu, ta ce ba ta sani ba. A wuni ɗaya tsohuwar nan ta ce mini ban sani ba ya fi sau goma. Malam Abakar bai faɗa ko sau ɗaya ba.

Duk da haka ban saki jiki ba. Bayan kwana biyu na koma da sukari da shayi, na ce wayar ba ta ɗauka da kyau ba, ta sake. Ta ce, "Ƙarya kake, ɗan Ajuji, gwada ni kake." Ta sake ba ni daga farko. Akuya ta zama tunkiya, sauran ko gezau. Da zan tafi na ce mata Gwaggo, ta ce da ma tun shekaranjiya ya kamata. Jikanta ya kai ni inda jujin yake a Marjandafak. Shagon taya ne yanzu. Na tsaya a gaban shagon na yi wa Kaka addu'a, mai shagon yana tambayata lamba nawa nake so.

Dawowa hanya ɗaya ce, ba zan maimaita ba, sai dai wannan karon wayar a cikin wando na ɗaure ta, ban fito da ita ba sai Kano.

Ban sauka gidana ba, gidan Alhaji Bala na wuce da ƙurar hanya. Na ce ban zo roƙo ba, ku saurara, in kun ga dama ku ba da, in ba ku gani ba mata ba su ƙare ba. Na kunna a zaure. Ana tsakiyar wurin ƙwarya sai muka ji murya daga soron ciki: "Bala, ƙaro sautin nan." Mahaifiyarsa ce. Da aka gama ta sa aka kamo hannunta ta fito, ta zame kallabi ta nuna mana kunnenta, ta ce, "Kai Bala, sunana na yanka Hauwa. Ka taɓa tambayar dalilin da ya sa ƙannen ubana ke ce mini Ayashe? Ni ma 'yar wabi ce. A kan wannan kuka tsayar da auren yarinya? 'Yan boko da 'yan kasuwa, duk kanku ɗaya." An sa rana bayan Sallah.

Daga nan na je wurin Kabiru. Na same shi a ƙofar gida kan kujerar roba, da mutum uku cikin danginmu, abin da nake so ke nan. Na kunna masa, ya ji har ƙarshe yana kaɗa ƙafa. Ya ce, "To, ai wannan maganar tsohuwa ce, ba a rubuce take ba. Ni shaidu uku gare ni."

Na zaro littafinsa daga aljihu na ce:

"Kabiru, naka ma maganar tsohuwa ce, inji kawai ka kai ta. Shaidunka uku kunne uku ne, bakin ɗaya ne. Gwaggo Indo ba ta taɓa wuce Funtuwa ba. Liman a nan aka haife shi a nan ya mutu. Ubanka kuwa, Allah ya jiƙansa, ranar da abin ya faru ko cikinsa ba a yi ba. Duk Kaka suka ji, ni ma na ji ta. Ka rubuta abin da ta ce, ba ka tambayi abin da ya sa ta ce ba. Ka ga tana faɗi, ba ka ga inda tsoka ke zuwa ba. Tawa tsohuwar tana wurin, da kara a hannu tana korar akuya. Ta san ƙunar hannun Kaka ban gaya mata ba. Ta san hujin kunnen da kai, da ka yi shekara hamsin kana gaishe shi, ba ka sani ba. Inda ba ta gani ba ta ce ba ta gani ba. Kai a littafin nan kaf, nuna mini wuri ɗaya da ka rubuta ban sani ba.

"Canfi ne, na yarda, Kaka namiji ma ya faɗa. Amma mace ta binne uku a hanya, ta haifi na huɗu, ta yi shekara sittin tana hana bakinta cewa ɗana don kada a ɗauke mata shi, kai kuma ka zo da biro ka ƙarasa abin da mutuwa ta kasa. Ba zan roƙe ka ka goge ba. In za ka sake bugawa, ƙarƙashin kowane suna ka rubuta wa ya gaya maka, kuma ina yake tsaye ranar. In ba za ka iya ba, ka bar matattu su huta.

"A juji aka tsinci ubana, wannan ba ka yi ƙarya ba. An ajiye shi can ne da mai gadi, da mai jiran ɗauka a laɓe, da uwa tana cin zane a ɗaki. Ungo littafinka. Shi in na ajiye shi a juji, ba mai cewa na tsinta, nawa ne."